Minti goma da ɗan sama jannati: yadda makarantarku za ta shirya daga Garwa

Shagona na gyaran rediyo da talabijin yana nan Garwa, kuma na fi shekara ashirin ina shaƙar hayaƙin dalma. Wanda ya jefa ni cikin wannan harka ɗan ƙanwata ne, ɗan lise. Wata magariba ta hunturu muna zaune a ƙofar gida bayan salla, sai ya nuna mini wani haske yana tahowa daga kudu maso yamma, ba ya ƙyaftawa irin na jirgi, ba shi da ƙara. Ya ce, "Kawu, akwai mutane a cikin wancan." Na ce masa ya rage kallon fim. Ya ce, "Wallahi Kawu, har rediyo gare su irin oba-oba, kuma suna magana da 'yan makaranta." Maganar mutane ban ɗauke ta da nauyi ba. Maganar rediyo ce ta hana ni barci, don nan gonata ce.

Yaron yana da gaskiya. Hasken nan tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ISS. Tsayinta daga ƙasa kilomita 400 ne da ɗoriya, bai ma kai nisan Garwa zuwa Kusiri a mota ba. Sai dai gudu: kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai, kusan sau 16 kafin gobe war haka. Tun watan Nuwamba na 2000 ba a taɓa barin ta babu mutum a ciki ba.

Rediyon da ke cikinta na masu sha'awa ne, waɗanda Faransawa ke ce wa radiyo amatar, mutanen da ke riƙe da lasisi su yi magana da juna ta iska don koyo da zumunci, ba don kuɗi ba. Wani Ba'amurke, Owen Garriott, shi ya fara yin wannan daga sama a 1983. A 1996, tun ba a harba ko ƙusa ɗaya ta tashar ba, masu wannan sha'awa daga ƙasashen da za su gina ta suka zauna suka kafa ARISS, ƙungiyar da ke kula da rediyon masu sha'awa a tashar, don kada kowace ƙasa ta ɗauki nata rediyon ta hau da shi a yi ta cin karo. Suka raba aikin gida biyar: Amurka, Kanada, Rasha, Japan da Turai. Makaranta ta farko da ta yi magana da tashar tana jihar Illinois ta Amurka, a Disamba 2000, da kwamanda Bill Shepherd. Mu 'yan Afirka, da na Gabas ta Tsakiya, takardunmu na neman magana da tashar gidan Turai suke zuwa. Riƙe wannan, don na ga malamin da ya ɓata wata biyu yana cike takardar Amurka.

Abin da nake so ka ɗauka tun daga nan shi ne, maganar duka minti goma ce, daga lokacin da tashar ta leƙo ta gindin sama zuwa lokacin da ta faɗa ta wancan gefen. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: minti goman nan akwai hannun mutanen Hustan, cibiyar hukumar sararin samaniyar Amurka NASA, a ciki, da na Jamus, da na wani mai sa kai a wata nahiya da zai bar barcinsa saboda yaranka. Naka kason ƙarami ne, amma dole ya faɗo daidai a kan mintinsa. Mu a nan ba mu kai ga ranarmu ba tukuna, muna kan haɗa takardu da makarantar yaron. Abin da zan faɗa shi ne hanyar kamar yadda muka taka ta, da sauran da ke gabanmu kamar yadda ARISS ta shimfiɗa.

Fara da kunne

Kada ka rubuta wa kowa wasiƙa sai ka ji tashar da kunnenka. Sa manhajar da ke nuna wucewarta a wayarka, ISS Detector ko Look4Sat ko Heavens-Above, ka bar ta ta gane inda kake. Za ta ba ka abu uku: ƙarfe nawa za ta fito, ta wace kusurwa, da iyakar tsayin da za ta kai a digiri. Na ukun shi ne mai muhimmanci. Wucewar da ba ta kai digiri 15 ba, duwatsun Tingilin da katangun unguwa za su cinye ta; mutanen Marwa ma sun san nasu duwatsun. Nemi wadda ta haura 30.

Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, rabonmu kaɗan ne in an gwada da Turai. Hanyar tashar a karkace take digiri 51.6, kuma duk zagaye ɗaya sai ta matsa yamma kusan kilomita 2,500 a daidai wajenmu. Saboda haka takan shigo inda za mu ji ta kamar sau huɗu a kwana da yini, amma mai tsayi bai fi ɗaya ko biyu ba, wata rana ma babu. Hanya biyu take bi: ko daga kudu maso yamma ta nufi arewa maso gabas, wato in ka fuskanci alƙibla za ta faɗa ta hagunka kaɗan, ko daga arewa maso yamma ta gangara kudu maso gabas. Ido ba ya ganin ta sai bayan magariba ko kafin fitowar rana, lokacin da mu muke cikin duhu ita kuma rana na haska ta. Rediyo ba ruwansa, dare da rana yana ji.

Lambar da za ka haddace ita ce 145.800 megahaz, FM. Nan muryar 'yan sama jannati ke saukowa, nan ma hotuna. A 145.825 akwai na'urar da ke maimaita gajerun saƙonnin kwamfuta, ƙararta kamar tsakuwa a cikin gwangwani, ɗan guntu ɗan guntu. Ita ce abin da na fara ji, kuma na kusa jefar da rediyon don murna. A 437.800 kuma akwai mai maimaita murya: masu lasisi su jefa magana sama a 145.990, tashar ta dawo da ita ƙasa. A saman Turai cunkoso ne kamar kasuwa ranar jajibirin salla. A samanmu sau da yawa tsit za ka ji, don masu lasisi a wannan yanki ba su da yawa. Shirun ba ya nufin kayanka sun lalace. Haka kuma sukan kashe rediyon gaba ɗaya in wani zai fita aiki a wajen tashar, ko kumbo zai haɗu da ita.

Na'urar sauraro iri biyu ce a hannun talaka. Akwai ƙaramin oba-oba irin Baofeng, akwai kuma RTL-SDR, ɗan abu kamar filashi da ake soka wa kwamfuta ko waya. Ni na biyun nake ba makaranta shawara, saboda ba ya iya aika magana ko kaɗan, sauraro kawai yake. Dalilin zai zo.

Eriyar roba da ke zuwa da oba-oba tana kamawa in tashar ta zo tsakar ka, amma da ƙyar. Yi taka. Sayi tef ɗin awo na ƙarfe irin na magina, mai faɗi, da bututun roba na famfo. Yanka tef gida uku: santimita 105, da 90, da 89. Na 90 ɗin ka raba shi biyu daidai, ka bar tazarar santimita biyu da rabi a tsakani. Nan za ka kankare fenti ka ɗaura kebul da dalma, zuciyar kebul a ɓari ɗaya, sarƙar waje a ɗaya ɓarin, ka kuma haɗa ɓarin biyu da 'yar waya mai tsawon santimita 13 da ka lanƙwasa kamar ƙugiyar gashi. Jera su a gicciye a kan bututun: dogon a baya kusa da hannunka, rababben santimita 20 a gabansa, gajeren santimita 32 a gaban wannan. Naɗe bakin kowane yanki da salatif, don tef ɗin yana yanka kamar reza. Shaidar tana babban yatsana. Kebul na ƙa'ida shi ne RG-58, amma don sauraro na talabijin ma yana yi in bai yi tsawo ba.

In lokaci ya yi, buɗe abin da ke toshe shuuu ɗin rediyon gaba ɗaya, ka bar shi yana ta hayaniya. Nuna eriyar inda za ta fito, ka bi ta a hankali kamar mai nuna wa yaro tsuntsu. In sauti ya dusashe, murɗa wuyan hannunka eriyar ta kwanta ko ta miƙe, sau da yawa zai dawo. Sai kuma abin da ya ruɗa ni da farko: lambar tana zamewa. Ka san yadda hon ɗin babbar mota a gadar Binuwai yake da kaifi in tana tahowa, in ta wuce ka sai ya yi kauri? Haka igiyar rediyo take yi da gudun tashar. A 145.800 zamewar kusan kilohaz uku da rabi ce sama da ƙasa, FM yana haƙuri da ita. A 437.800 kuwa ta kai kilohaz goma, don haka ka ajiye lambobi biyar a jere daga 437.810 zuwa 437.790, kana sauka ɗaya bayan ɗaya yayin da take wucewa.

Abin da ke kama zuciyar yara shi ne hotuna. Lokaci-lokaci, misali wajen 12 ga Afrilu da ake tunawa da tafiyar Yuri Gagarin ta 1961, ɓangaren Rasha na tashar yakan yi kwanaki yana aiko da hotuna a 145.800 cikin siffar sauti. ARISS na sanar da ranakun a shafinta. Sautin kamar kukan gyare ne da aka haɗa da busa. Sa manhajar Robot36 a wayar Android, ka kara ta a lasifika, hoto zai fara sauka layi-layi daga sama, ya cika cikin minti biyu. Tsarin da suka fi amfani da shi sunansa PD120. Wayo ɗaya: naɗi sautin tukuna, ka fassara shi daga baya a ɗaki. Hotonmu na farko akwai baƙin layi a tsakiyarsa daidai inda wani ɗan acaɓa ya danna hon a bayan katanga. Muna ajiye da shi har yau. Raba wa yara aiki: mai eriya, mai kiran lokaci da kusurwa, mai naɗi, mai rubuta abin da aka ji. Littafin nan da suke rubutawa shi ne zai zama ƙashin bayan takardarku.

Je ka gaida hukuma

Wannan ya kamata in sa a farko, amma na bar shi a inda ya same ni. Wata safiya na hau rufin shago da eriyata ina juya ta sama, oba-oba a ɗaya hannun yana shuuu. Ban sauko ba sai ga jami'an tsaro biyu a kan babur. Wani maƙwabci ne ya kira su, kuma ban ga laifinsa ba. Duk wanda ke zaune a arewacin Kamaru ko gefen tafkin Cadi ya san abin da shekarun Boko Haram suka mayar da oba-oba a idon mutane. Na sha tambayoyi har azahar. Abin da ya cece ni hoton nan ne mai baƙin layi, da mai unguwa da ya zo ya ce ya san ni tun ina yaro. Da za mu rabu babbansu ya ce, "Malam, da ka zo ka faɗa mana, ai da mu za a kalla." Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure."

To kai kada ka yi irin nawa. Zuwa da kai ya fi aike. Kafin eriya ta ga rana, shugaban makaranta ya rubuta takarda da hatiminsa, ku kai wa sufurfe da kwamandan jandarma, ku kuma gaida mai unguwa ko lawan. Faɗa musu ranar da za ku yi sauraro, ku gayyace su. Yi aikin a filin makaranta da rana tsaka, yara cikin rigar makaranta, kada a rufin gida da dare.

Sannan kada ka danna maɓallin magana ba lasisi, ko da wasa, ko sau ɗaya. A Kamaru hukumar ART ce ke kula da igiyoyin sadarwa, a Cadi kuma ARCEP. Mai lasisi yana samun sunan kira: na Kamaru yana farawa da TJ, na Cadi da TT, na Nijeriya 5N, na Nijar 5U. Ita ma tashar tana da nata: NA1SS na Amurka, RS0ISS na Rasha, OR4ISS na Turai. Yaro da oba-oba a hannu sai ya danna, halinsa ne. Shi ya sa na ce RTL-SDR.

Kai tsaye ko ta gada

Hanya biyu ake magana da tashar. Ta farko kai tsaye: a kafa cikakken gidan rediyo a makarantar, mai ƙarfin wat 50 zuwa 100, da doguwar eriya a kan injin da ke juya ta gefe da sama yana bin tashar da umarnin kwamfuta, da wani gidan rediyon na biyu a shirye ko na farko ya ƙi, da batir da zai riƙe duka in wuta ta ɗauke, da mai lasisi wanda ya saba da taurarin ɗan Adam. Ta biyu ita ce gada ta tarho. ARISS na da masu sa kai da suka kafa irin wannan gidan rediyo a Italiya, Beljiyam, Amurka, Ostareliya, Afirka ta Kudu da wasu wurare. In tashar ta zo saman ɗayansu, shi zai kama ta, ya haɗa sautin da layin tarho zuwa zaurenku. Yaranku su yi tambaya ta makirfo a Garwa, muryarsu ta bi waya zuwa can, ta hau sama daga can.

A matsayina na mai gyaran rediyo, zuciyata kai tsaye take so. Hankalina kuma ya ce gada, kuma na bi hankali. Kayan kai tsaye ba a kasuwarmu suke ba, lasisi na cin lokaci, sannan ga ƙarancin wucewa mai tsayi da na faɗa: dole a samu wadda ta haura sosai a samanmu, a cikin makon da aka ba mu, a lokacin da ɗan sama jannatin ke farke kuma hannunsa ba komai, a lokacin da yara ke makaranta. Ta gada kuwa ana da zaɓi a saman nahiyoyi da yawa. Wani malami ya ce mini wannan ai kiran waya ne kawai. Na ce masa muryar da yaran za su ji daga sama take, da shuuu ɗinta da komai, kuma in tashar ta faɗa a can magana ta yanke ke nan. In kuma kana son yara su taɓa ƙarfe, ga tef ɗin awo nan.

Takarda, da jira

Takardar neman tana shafin ARISS na Turai, kuma akwai lokutan da suke buɗe karɓa, don haka a riƙa leƙawa. Abin da suke aunawa shi ne shirin karatu: me yaran za su koya a watannin da ke gaban ranar, malamai nawa ne a ciki, yara nawa abin zai taɓa. Kada malamin fizik ya rungume shi shi kaɗai. Na lissafi ya ɗauki gudu da nisa, na labarin ƙasa ya ɗauki taswira da bambancin agogo, na Ingilishi ya ɗauki tambayoyi. In an karɓe ku za a haɗa ku da jagora, gogaggen mai lasisi da zai bi ku mataki-mataki. Shi zai kuma warware dokar ko yaro marar lasisi zai iya magana ta gidan rediyon wace ƙasa, don dokokin sun bambanta. Sa mutum ɗaya mai duba imel kullum ya zama bakinku. Jira yakan kai watanni da yawa, har shekara.

Za a tambaye ku makonnin da suka dace da ku. Nan ilimin gida ke aiki, don mutumin Turai bai san Afrilun Garwa ba. Maris zuwa Mayu, yara ɗari uku a zaure ɗaya da zafin da ya haura digiri 40, azaba ce. Mayu da Yuni jarrabawa. Daga nan hutu da damina, ga tsawa, ga layin waya mai yankewa. Ni Nuwamba zuwa Fabrairu na zaɓa, a cire hutun ƙarshen shekara, a duba inda azumi ya faɗo, a kuma rubuta musu ƙarara cewa Juma'a daga sha biyu zuwa uku ba za a samu kowa ba.

Dalilin da ba za a ba ku rana da minti tun da wuri ba yana da kyau ku fahimce shi, don ku iya yi wa manya bayani. Masu tsara ayyukan ARISS daga ƙasashe daban-daban suna ganawa ta waya kowane mako, su lissafo wucewar da za ta yi, su miƙa wa masu tsara jadawalin 'yan sama jannati a Hustan. Jadawalin nan a cike yake da gwaje-gwaje, gyara da motsa jiki, kuma ɗakin Columbus na Turai a cikin tashar inda rediyon Kenwood yake tun 2020 ana kula da shi ne daga kusa da Munik a Jamus. Ɓangaren Rasha nasu tsarin daban ne, daga kusa da Mosko. Ga shi ita kanta tashar tana ɗan sauka kullum saboda sauran iskar da ke can, sai a kunna inji a ɗaga ta, lissafin mintoci ya canza. Saboda haka mako ake fara ba ku, sannan wasu lokuta ku jera wanda kuka fi so, sannan tabbaci ya zo ana saura kwanaki kaɗan. Ko bayan tabbacin ana iya ɗagawa. Kada a buga riguna da kwanan wata.

Duk lokacin da za su rubuto, agogon UTC ne, wanda tashar ke aiki da shi. Mu a Kamaru da Cadi muna gabansa da awa ɗaya. In sun ce 10:15, namu 11:15 ne. Na taɓa tara yara ashirin a rana awa guda kafin lokaci saboda wannan, har suka watse, tashar ta zo ta wuce ni kaɗai.

Tambayoyin yara

Tambaya kusan ashirin ake shiryawa, a aika tun makonni kafin ranar don ɗan sama jannatin ya samu kwafi. In shuuu ya cinye rabin muryar yaro, zai duba takardarsa ya gane. Raba minti goma gida ashirin: daƙiƙa talatin ke nan, tambaya da amsa. Kowane yaro ya faɗi sunansa na farko, tambaya jimla ɗaya, ya rufe da "over", kalmar nan da ta ba oba-oba sunansa. Mafi yawan maganganun da Ingilishi ake yi. An yi da Faransanci lokacin da Thomas Pesquet yake sama, a 2016 zuwa 2017 da kuma 2021, kuma Sultan Al-Neyadi na Daular Larabawa ya yi wata shida a can a 2023, abin da zai ba 'yan Njamena masu Larabci sha'awa. Kuna iya faɗin harshen da kuka fi so, amma wanda ke sama a lokacin shi za ku samu. Shirya da Ingilishi.

Yi gasa a makaranta, a tace. Cire duk abin da littafi zai amsa. Tambayar da ta fi burge ni wata yarinya 'yar aji uku ce ta kawo ta: mu da muke sayen ruwa a jarka lokacin rani, su a ina suke samu? Amsar ita ce suna tace gumi da numfashi da fitsari su sake sha, har ɓangaren Amurka ya kai kashi 98 cikin ɗari a 2023. Ajin ya yi ta ihu, amma washegari malaminsu ya samu darasin tace ruwa da bai taɓa samun masu sauraro irinsa ba. Wani kuma ya tambayi yadda mai azumi zai yi da rana da ke faɗuwa sau 16.

Wahalar gwaji ba Ingilishi ba ne, tarbiyya ce. Yaranmu an hore su kada su yi wa babba magana sai sun gaishe shi, su sunkuyar da kai, su sassauta murya. A gwajinmu na farko yaro na ɗaya ya fara da barka da rana, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, daƙiƙa arba'in ta tafi. Sai da na ce musu, "'Ya'yana, shugaban makaranta zai yi gaisuwa ɗaya a madadin kowa, ku kuwa ku ɗaga kai ku yi magana kamar kuna kiran ƙaninku daga bakin kogi." Jera su a layi, na gaba yana tsaye dab da makirfo kafin na farko ya gama. Ni nakan zauna a wani aji da waya ina amsawa a matsayin ɗan sama jannati, da rediyo a gefena yana shuuu don su saba. Mun yi haka sau shida kafin tambayoyin duka suka shiga cikin minti goma. Akwai kuma takardar amincewar iyaye kan hoto da muryar yara. Kada a ba yaro ya kai gida. A je a yi wa iyaye bayani da baki, musamman iyayen 'yan mata.

Ranar kanta

Ga gada, kayan zaure ba su da yawa: layin waya mai kyau, makirfo, lasifikar da za ta cika zauren ba ta koma cikin makirfo ta yi kuwwa ba. Haɗa wayar da na'urar sauti ta kebul, kada ka kara makirfo a bakin waya. Tanadi waya ta biyu ta wani kamfanin daban, da caji da kuɗi a ciki. Ɗora komai a kan batir da inbata tun farko, ko da akwai wuta, don daƙiƙun da za a ɓata wajen tada gurup, wato janareto, tambaya biyu ce ta tafi. Gurup ɗin ma a kai shi can bayan gini. Jagora zai sa a gwada layin kwanaki kafin ranar, a ranar ma za a haɗa ku tun da sauran lokaci. Wayoyin jama'a duka a kashe, don ɗaruruwan wayoyi a wuri ɗaya suna shaƙe layin da kuka dogara da shi.

Sai manyan baƙi. Gayyace su awa biyu kafin lokaci, a yi jawabai a gama. A sa wani dattijo mai faɗa a ji ya sanar da su cikin ladabi cewa in mintin ya yi, ko waye ke riƙe da makirfo za a karɓa. Komai girman rawani, abin da ke cin kilomita bakwai da rabi a daƙiƙa ɗaya ba zai tsaya a ƙarasa jawabi ba. Za ku ji mai gidan rediyon can yana kiran sunan tashar, shuuu, ya sake kira, shuuu, sannan murya ta fito. A hana tafi sai an zo ƙarshe, a bar daƙiƙa goma sha biyar na godiya da tafin gaba ɗaya don shi ma ya ji. Bayan nan ARISS na son rahoto: mutum nawa suka halarta, kafofin labarai nawa, hotuna. A sa mai ƙirga tun daga ƙofa.

An tsara tashar za ta yi aiki zuwa 2030, sannan a sauko da ita cikin teku. Tun 2024 NASA ta ba kamfanin SpaceX aikin ƙera kumbon da zai turo ta. In aka cire shekarar jira, damar neman da ta rage mana ba ta da yawa. Shirin karatunmu ya kai shafi huɗu, saura sa hannun malamin Ingilishi da hatimin shugaban makaranta, wanda ya ce in dawo ranar Litinin bayan taron malamai.